Me Zanen Rayuwar Masu Aikin Ƙarfi Yake Faɗa Game da Zamaninsa?

An yi tambaya cewa: idan mutum ya ga tsohon zane na mahaƙan kwal, ko mata masu wanki da guga, ko jerin marasa aikin yi a bakin titi, ta yaya zai gane abin da zanen yake faɗa game da al'ummar da aka yi shi a cikinta, kuma har ina za a yarda da shi?

Irin wannan zane yana ɗauke da labarin zamaninsa ta fuska biyu. Ta farko kowa yana ganinta: tufafi, kayan aiki, ɗakin kwana, irin ranƙwafawar da aiki ya sa wa bayan mutum. Ta biyu sai an tona: wa ya yi zanen, wa ya biya kuɗinsa, hannu nawa ya ratsa kafin ya iso ga mai kallo, wace doka ce take tsaye a kansa a lokacin. Galibin kuskuren da ake yi wajen karanta waɗannan zane-zane daga tsayawa a fuskar farko yake fitowa. A ganina ta biyun ta fi gaskiyar magana, domin mai zane yana iya ƙirƙirar yagaggiyar riga daga kansa, amma kasuwar da yake sayar wa da dokar da ke kansa, yadda ya same su haka zai yi aiki a cikinsu.

Abu na farko da za a duba shi ne da me aka yi zanen, kuma a kan me. Zanen da aka yi a wurin aiki yana da alamominsa: ƙaramar takarda, fensir ko gawayi, layi biyu ko uku a kan hannu ɗaya saboda mutumin ya motsa, ƙafa da ba a ƙarasa ba, wani lokaci har da rubutu a gefe. Irin wannan ne ya fi kusa da abin da ido ya gani. A 1872 mai zane Bajamushe Adolph Menzel ya je Königshütte a yankin Silesiya na Jamus ta wancan lokaci, wata masana'anta da ake murza ƙarfen layin dogo, ya yi zane sama da ɗari da fensir: yadda ake riƙe dogon awartaki, yadda ake karkata fuska daga zafin wuta, yadda mutum yake kafa ƙafa idan zai tura jan ƙarfe. Da ya haɗa su ya yi babban zanen fenti da ya kammala a 1875, sai ga abubuwa uku a fili ɗaya. A tsakiya ana tura ƙarfe cikin inji, a gefe guda wasu suna wanke jiki, a ɗaya gefen wasu sun raɓe bayan wani faifan ƙarfe suna cin abincin da wata yarinya ta kawo a kwando. Wanda ya san aikin masana'anta zai karanta wannan nan take: lokacin canjin ma'aikata ne, wuta ba ta mutuwa dare da rana, kuma babu ɗakin cin abinci ko na wanka, a gindin inji ake yin komai.

Amma yawancin zane-zanen ƙarni na 19 da ake gani yau bugaggu ne daga jaridu da littattafai, kuma hannun mai zanen bai taɓa takardar ba. A jaridun hotuna na Landan, irin su Illustrated London News da aka fara a 1842, ana yin zanen ne a kan katako mai tauri da aka yanka a gicciye. Da yake iccen ba ya kauri, sai a haɗa ƙananan guntaye da noti a samu faɗin shafi. Idan an gama zane a kai, a kwance notin, a raba guntayen ga masu sassaƙa daban-daban don a gama kafin lokacin bugu, sannan a sake ɗaurewa. Mai sassaƙa yana cire duk inda zai fito fari, ya bar layin da zai ɗauki tawada. Katako bai san toka-toka ba, baƙi ne ko fari, saboda haka duk wata inuwa da mai zane ya shafa da ruwan tawada, mai sassaƙa ne zai mayar da ita layuka, shi zai yanke yawansu da kaurinsu. Ke nan duhun lungu, da zurfin kumatun mai yunwa, da ƙazantar bango, wani ɓangarensu aikin mutumin da bai taɓa zuwa lungun ba ne. Idan aka duba da kyau a wasu bugun, ana ganin siririn farin layi a miƙe inda guntaye biyu suka haɗu. A ƙasan zanen kuma sau da yawa suna biyu ne, na mai zane a kusurwa ɗaya, na mai sassaƙa a ɗayar.

Akwai wani ƙaramin tarko a nan. Duk abin da aka buga daga katako, ko dutse, ko farantin tagulla, juyewa yake yi, dama ta koma hagu. Idan mai zane bai yi aiki da madubi ba, maƙeri zai fito da guduma a hannun hagu, mai yankan ciyawa ya riƙe lauje a baibai. Kada a gina wani bayani a kan wannan.

Bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya gano a Jamus a ƙarshen shekarun 1790, ya rage wannan nisa. Mai zane yana yin zanensa da alli mai maiƙo kai tsaye a kan dutse mai santsi, a shafe dutsen da ƙaro da ɗan asid, a jiƙa shi da ruwa, sannan a murza tawada mai mai. Tawadar tana kama inda allin ya taɓa, ta ƙi inda ruwa yake. Layin da ya fito a takarda na mai zanen ne, kuma aikin yana da sauri da araha, har ana iya yi wa jaridar kullum. Honoré Daumier ya yi kusan dubu huɗu ta wannan hanya a Paris, kuma rayuwarsa ta nuna yadda doka take shiga cikin zane. A 1832 aka yi masa ɗaurin wata shida a kurkuku saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton maciyi mai haɗiye dukiyar talakawa. A 1834, bayan sojoji sun shiga wani gidan haya a titin Transnonain lokacin tarzoma sun kashe mutum goma sha biyu, ya zana ɗakin kwana: magidanci kwance matacce cikin rigar barci, yaro a danne ƙarƙashinsa, kujera a kife, zanin gado a jaye. Babu soja ko ɗaya a ciki, ba rubutu sai sunan titi da kwanan wata. Hukuma ta kwashe kwafen da ta samu. A watan Satumba na 1835 aka kafa dokar da ta ce ba a buga zane sai an nemi izini, daga nan Daumier ya koma zanen lauyoyi, da masu gidajen haya, da fasinjoji, da masu wanki. Wanda ya duba zane-zanen Faransa na tsakanin 1835 da 1848 ya ga siyasa ta yi ƙaranci, zai iya zaton an samu kwanciyar hankali, alhali kuwa baki aka rufe, kuma fushin ya koma cikin yadda ake zana mai gida yana karɓar haya.

Daga nan sai tambayar mai saye. Mujallar The Graphic ta fito a Landan a watan Disamba na 1869, ana sayar da ita peni shida, kuɗin da lebura ba zai fitar kowane mako don kallon hoto ba. A fitowarta ta farko akwai zanen Luke Fildes na marasa gida da suka yi layi a bakin ofishin 'yan sanda cikin sanyi, suna jiran tikitin kwana ɗaya a gidan gajiyayyu. Tsarin tikitin gaskiya ne, haka ake yi. Amma a dubi yadda aka jera mutanen: uwa da jariri, magidanci rungume da ɗansa, tsohon mashayi da doguwar hula ya jingina da bango, ɗan sanda a gefe. Layin gaske ba ya zuwa da kowane iri ɗaya-ɗaya haka. An jera su ne don mai karatu da ke zaune a falonsa ya yi aikin da masu hali na Ingila suka damu da shi a lokacin, wato rarrabe talakan da ya cancanci taimako da wanda ake cewa shi ya ja wa kansa. Zanen ya faɗi gaskiya a kan talauci, ya kuma faɗi abin da masu kuɗi suke so su sani game da shi. Ko Daumier, zanensa na taragun jirgin ƙasa masu daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, inda na farko suke zaune da sarari ba mai taɓa wani, na uku kuwa a cunkushe kan bencin katako, wani attajiri Ba'amurke, William Walters, shi ya ba da aikin a 1864.

Wannan al'ada ta zana talaka don mai hali ta girmi jarida. Tun ƙarni na 17 ake sayar da jerin zanen masu talla na manyan birane, kowane shafi mutum ɗaya da hajarsa. Na Marcellus Laroon ya fito a Landan a 1687. Na Francis Wheatley na shekarun 1790 ya mayar da masu tallan madara da furanni kyawawan 'yan mata masu tsabtar tufafi, domin abin ratayawa ne a bango. A Indiya ma, masu zane na garuruwa irin su Patna da Tanjore sun riƙa yi wa jami'an kamfanin cinikin Ingila da ke iko a can jerin sana'o'i: masaƙi, wanzami, mai wanki, mai ɗibar ruwa, sau da yawa kowanne da matarsa da kayan aikinsa. Alamar wannan nau'i ita ce farin fili a bayan mutum, ba gida, ba titi, ba wanda yake yi wa aiki. Don sanin sifar kayan aiki da suturar sana'a suna da amfani ƙwarai. Don sanin albashi, ko bashi, ko wanda yake iko da wa, ba su da abin cewa, kuma wannan shirun yana nuna cewa mai sayen rarraba mutane iri-iri ya dame shi.

Gustave Doré lamarinsa daban ne, kuma shi ne aka fi yaudaruwa da shi. Littafin da ya yi da marubuci Blanchard Jerrold a kan Landan a 1872 yana da zane 180, kuma daga cikinsa ne hoton Landan mai duhu da hayaƙi ya zauna a zukatan mutane. Sun zaga unguwannin gabashin birnin, wani lokaci da rakiyar 'yan sandan farin kaya, amma Doré ba ya son yin zane a bainar jama'a, yawanci daga ƙwaƙwalwa yake aiki, kuma tun a lokacin an zarge shi da ƙirƙira. Sanannen zanensa na bayan gidaje da ake hangowa ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, da jerin bututun hayaƙi da ƙananan tsakar gida iri ɗaya, ya kama wani abu na haƙiƙa game da yadda layin dogo ya ratsa unguwannin talakawa ta sama. Sai dai ba a auna faɗin tsakar gida da shi, kuma hasken da yake faɗowa kan fuskoki irin na dandalin wasan kwaikwayo ne.

Wani lokaci zane yana canja doka, a nan ma akwai abin lura. A 1842 kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta naɗa don binciken aikin yara a ramukan kwal ya fitar da rahotonsa da zane-zane a ciki, abin da ba a saba ba a takardun majalisa. An nuna yara da mata suna rarrafe a rami mai ƙarancin tsawo, ɗamara a ƙugu, sarƙa ta ratsa tsakanin ƙafafu tana jan akwatin kwal, da ƙaramin yaro zaune shi kaɗai cikin duhu yana buɗe ƙofar iska yana rufewa. Zanen ba shi da wata gwaninta, amma gani ya kori ji. A cikin shekarar aka yi dokar da ta hana mata duka, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, aiki a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai idan aka karanta muhawarar da aka yi, babban abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne mata sanye da wando, wasu ba riga, suna aiki kusa da maza. Batun tarbiyya ya yi gogayya da batun wahala, watakila ma ya rinjaye shi, kuma zanen ya nuna duka biyun.

Bayan an san duk wannan ne ake shiga cikin zanen kansa, kuma daga jiki ake farawa. A dubi hannu, ko yatsu sun kumbura, ko riƙon da aka yi wa kayan aikin riƙon mai aiki ne. Mai zanen da ya ɗauko mutum ya tsayar a ɗakinsa ya ba shi shebur yakan tona kansa a nan: nauyin jiki ba ya kan ƙafar da ta dace, shebur yana hannu kamar sanda. A dubi ƙafa, ko takalmin fata ne, ko na katako, ko babu, domin a Turai ta wancan lokaci takalmi ya fi riga faɗin halin aljihu. Sannan a nemi mai iko da aikin, a ga inda aka ajiye shi. A zanen Jean-François Millet na 1857, mata uku sun duƙa suna kala a gonar da aka girbe, kowacce da 'yan zangarniya a hannu. Can nesa, cikin haske, ga tarin dami kamar tsauni, ga amalanke, ga ma'aikata da yawa, ga wani a kan doki yana duba aiki. Kala haƙƙi ne da aka bar wa mafi talauci bayan an kwashe amfani, don haka matan nan ba sa ma cikin waɗanda aka ɗauka aiki. Tazarar da ke tsakanin gaba da bayan zanen ita ce tazarar da ke cikin ƙauyen. Masu sharhi na Paris da yawa sun ƙi shi, domin juyin juya halin 1848 bai yi nisa ba, kuma girman da aka ba matan ya yi musu kama da barazana. Yau ana ganinsa a kalanda a matsayin hoton kwanciyar hankali, wanda ke nuna cewa ma'anar zane tana gushewa idan tsoron da ya kewaye shi ya wuce.

Ɗaki ya fi komai yawan bayani, kuma a nan ƙidaya ake yi. Mutum nawa, gado nawa, taga nawa, ina murhu, ina ruwa, kuma ana aikin kuɗi a cikin ɗakin ko kuwa kwana kawai ake yi. A 1884 Vincent van Gogh ya yi ta zana masu saƙar hannu a ƙauyen Nuenen na ƙasar Holan. A kusan dukansu katakon saƙar ya cinye ɗakin, mutumin ƙarami ne a cikinsa, an matsa shi kusa da taga don a ci moriyar hasken rana, a wani har da kujerar jariri a gefe. Wannan shi ne tsarin aikin gida na lokacin, inda ɗan kasuwa yake ba da zare ya karɓi yadi, a daidai lokacin da masana'antu suke karya farashi. A Berlin, Heinrich Zille ya shafe shekaru yana zana manyan gidajen haya masu tsakar gida a jere, ɗaya bayan ɗaya. Dokar gini ta 1853 ta yarda tsakar gida ta kasance mita 5.34 kowane gefe, daidai inda abin kashe gobara zai iya juyawa, shi ya sa yaran da ke cikin zanensa suke wasa a gindin dogayen bango ba rana. Idan aka ga baƙon namiji a kan gado a ɗakin iyali a irin wannan zane, yawanci ɗan hayar gado ne, wanda yake biyan kuɗin kwanciya na wasu sa'o'i don iyalin su cika kuɗin haya. Wanda bai san wannan ba zai ba zanen wata fassara ta daban. Haka John Sloan a New York a 1906 ya zana mutane kwance birjik a kan rufin bene da daren bazara, abin da ke faɗin yadda ɗakunan ƙasa suke da zafi da rashin iska.

Shekarar da zane yake nunawa da shekarar da aka yi shi abubuwa biyu ne, kuma ta biyun ce take da nauyi. Käthe Kollwitz ta yi jerin bugu shida tsakanin 1893 da 1897 a kan boren masu saƙa na Silesiya, daga talauci da mutuwa, zuwa shawara, tattaki, farmaki a ƙofar mai masana'anta, da dawo da gawawwaki. Boren a 1844 aka yi shi, kafin a haife ta. Fuskokin da ta zana kuwa na mutanen da take gani ne a unguwar ma'aikata ta arewacin Berlin, inda mijinta yake aikin likita. Da aka nuna aikin a 1898, alƙalai sun zaɓe shi don lambar zinare, Sarki Wilhelm na Biyu ya hana. Bai ɗauke shi a matsayin tarihi ba, kuma ya yi daidai a wannan. Mai neman sanin kamannin ƙauyen Silesiya na 1844 ya nemi wata shaida, amma mai son sanin abin da ke damun Jamus a shekarun 1890 ya samu.

Rubutun da ke ƙarƙashin zane sau da yawa na edita ne. A 1916 masu zane na mujallar The Masses ta New York, ciki har da Sloan da Stuart Davis, sun yi rigima da editoci saboda ana liƙa wa zanensu kalaman da ba su rubuta ba don a ba shi saƙon siyasa, har Sloan ya bar mujallar. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a rufe rubutun da hannu, a faɗi abin da zanen ya nuna shi kaɗai, sannan a buɗe a ga abin da aka ƙara.

Idan ma'aikacin ne da kansa ya ɗauki fensir, abin da ake zaɓa a zana yana canjawa. A 1934 wasu mahaƙan kwal a Ashington, arewa maso gabashin Ingila, suka fara ajin yamma na nazarin zane, malaminsu Robert Lyon ya sa su gwada yi da hannunsu. Sun zana cikin rami, amma sun zana tseren karnuka, da ɗakin tattabaru, da 'yan lambunansu, da mace tana aikin gida. Norman Cornish na Spennymoor, wanda ya shiga rami yana ɗan shekara 14 ya yi shekara 33 a ciki, ya fi zana hanyar zuwa aiki da asuba, da bayan mutane a tsaye suna hira, da matarsa tana saƙa. A kwatanta da Henry Moore, da kwamitin masu zanen yaƙi na Birtaniya ya tura ramin kwal na Wheldale a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: nasa jikuna ne masu ƙarfi suna fitowa daga duhu, kusan ba fuska, domin ƙasa tana yaƙi kuma kwal makami ne. Baƙo yakan ga wahala ko jarumta, ɗan gida kuwa yakan ga ranar Asabar da sauran rayuwa. Kada a ɗauka na ɗan gida ba shi da nasa son rai, yakan ɓoye abin kunya, yakan kuma yi kewar abin da ke shuɗewa. L. S. Lowry yana tsakiya: ya shafe shekaru sama da arba'in yana karɓar haya gida-gida a Manchester, ya san titunan sarai, amma taron mutanensa daga sama yake kallonsu, ƙanana, ba inuwa, kuma yawancin filayen masana'antunsa haɗe-haɗe ne daga wurare daban-daban.

A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ko na wariya, tambayar wa aka bari ya zana tana ƙara nauyi. Gerard Sekoto ya zana titunan Sophiatown a Johannesburg tun kafin a fara rushe unguwar a 1955, kuma a 1940 gidan adana zane na birnin ya sayi aikinsa, karo na farko da ya sayi na baƙar fata. A wani zanensa na tsakiyar shekarun 1940, jerin leburori sun ɗaga diga sama a tare, jiki ɗaya, shugaban aiki farar fata yana tsaye gefe da lofe a baki da hannu a aljihu, kuma shi ne ya fito ƙarami. A Indiya, lokacin yunwar yankin Bengal ta 1943, wadda ta kashe tsakanin mutum miliyan biyu zuwa uku, Zainul Abedin ya zana masu mutuwa a titunan Kalkata da baƙar tawada a kan takardar naɗe kaya mai araha, don haka kayan aikin ma suna ba da labarin ƙuncin lokacin. Chittaprosad ya zaga ƙauyukan Midnapore yana zane, yana rubuta sunayen mutane da garuruwansu a gefe, kuma hukumar Ingila ta kwace littafin da ya fitar. Rubuta suna babban bambanci ne da jerin sana'o'in da aka yi wa jami'an kamfani a baya, inda mutum yake wakiltar iri kawai.

Mataki na ƙarshe shi ne a gwada zanen da shaidar da ba zane ba. Ga Landan akwai taswirar talauci ta Charles Booth da ta fara fitowa a 1889, wadda ta ba kowane titi launi gwargwadon halin mazaunansa, akwai kuma takardun ƙidaya da ke faɗin mutum nawa ne a gida da sana'ar kowa, da rahotannin masu duba masana'antu da na jami'an lafiya. Hoton kyamara ma yana taimakawa, amma na farko-farko yana buƙatar mutum ya tsaya cik, kuma ba ya ɗaukar ɗaki mai duhu, shi ya sa zane ya daɗe yana shiga inda kyamara ba ta shiga. Inda zane da takardu suka yi daidai, an samu tabbaci. Inda suka saɓa, a koma a tambayi wa saɓanin ya amfana, mai zane, ko edita, ko mai saye, ko kuwa jami'in da ya rubuta rahoton, domin shi ma yana da wanda yake yi wa aiki. Kwafen da ke yawo a intanet sau da yawa an yanke musu gefe, sunan mai sassaƙa da rubutun ƙasa da kwanan wata sun tafi, wasu ma an shafa musu launi daga baya. Kafin a ce komai a kansu, a nemo bayanin gidan adanar da ke riƙe da na asali, a rubuta abu huɗu: kayan da aka yi shi da su, girmansa, shekararsa, da inda aka fara buga shi.